Na tuge tumatirin Baba da daddare, yanzu da kai yake amsa gaisuwata

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28, muna noman rani da mahaifina a yankin Kura ta jihar Kano. Bana na zuba kuɗin lefen da na yi shekara biyu ina tarawa a gonar tumatir, Baba ya kawo fili da ƙwarewarsa, muka yi za a raba riba. Sati uku da dashe sai wasu shukoki suka tsaya da girma, ganyensu ya ƙanƙance ya naɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya. In ka girgiza su sai farin ƙuda ya tashi kamar an watsa toka. Na ce wa Baba mu tuge su, ya ƙi. Ya ce shekara 35 yana noma, ya lura ƙwarin sun fi son shuka mai ciwo, don haka a bar su su zama garkuwa, in aka cire su kan lafiyayyun ƙudan zai koma. Mun yi feshi sau biyar, biyu daga ciki bashi ne a wurin mai magani, ba abin da ya sauya. Maƙwabcin gonarmu, wanda aminin Baba ne tun suna yara, ya fara faɗa a majalisa cewa daga wurinmu ciwon yake shiga nasa. Wata ranar Alhamis da daddare na je ni kaɗai na tuge kusan guda 80, na zubar a bakin hanyar ruwa. Tun daga ranar Baba ba ya amsa gaisuwata sai da kai, kuma ya faɗa wa Inna cewa tunda na fi shi sani in riƙe gonar ni kaɗai. Abin takaicin shi ne ciwon bai tsaya ba, har ya ƙaru. An sa bikina bayan ƙaramar salla. Malam, na yi laifi ne? Yaya zan yi da Baba, yaya kuma zan yi da gonar?

Wani mai karatu, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san nauyin ka durƙusa ka gai da mahaifinka ya ɗaga kai kawai ya ci gaba da jan carbinsa. Ka haɗa wannan da kuɗin aurenka da kake kallo suna bushewa a gona, na san barcinka ba ya nisa kwanakin nan. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada ka jira shi: shawarar tuge shukokin daidai ce, yadda ka aiwatar da ita kuwa ya cuci Baba, ya kuma cuci gonar. Shi ma Baba abin da idonsa ya gani gaskiya ne tsantsa, kuma sai ka fahimci dalilin da ya sa ya zama gaskiya kafin ka san ta inda za ka shiga masa.

Alamomin da ka lissafa, ƙanƙancewar ganye, naɗewarsa sama, rawaya a gefe, shuka ta tsugune ta yi cunkus, sun yi daidai da ciwon naɗe-ganye na tumatir. Ƙwayar cuta ce ta bairos ke kawo shi. Daban yake da sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina a 2016, wadda ake ganin ramukanta a cikin ganye da ido. Wannan ƙwayar ba a ganinta, ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, iska ba ta ɗaukarta, hannunka ko fartanyarka ba sa kai ta wata shukar. Farin ƙuda ne jakinta. Shi kuwa sunan ƙuda kawai ya ara, asalinsa ɗan'uwan kwarkwatar ganye ne, bakinsa kamar allura, yana soka shi cikin jijiyar ganye ya zuƙi ruwan shuka. In ya zuƙa daga mai ciwo, ƙwayar ta bi ta hanjinsa ta shiga jininsa ta isa inda yawunsa ke taruwa. Wannan tafiya kan ɗauki sa'o'i kamar 8 zuwa kwana guda. Daga nan har ya mutu, duk lafiyayyar shukar da ya zauna a kanta na minti 15 zuwa 30 zai iya zuba mata ciwon.

To abin da ba ya iya tafiya sai da jaki, dole ya kula da jakin. A nan ne maganar Baba take.

Shuka tana da hanyar kare kanta, ko da yake muna ganinta tsaye kamar ba ta san abin da ake mata ba. Ka taɓa murza ganyen tumatir ka ji warin nan mai ƙarfi ya maƙale maka a yatsu? Daga ƴan gashin da ke jikin ganye da kara yake fitowa, kuma wani ɓangare ne na makamanta. Idan ƙwaro ya soke ta, shukar tana sakin wani sinadari da masana ke kira jasmonik, wanda aikinsa kamar bugun gangar yaƙi ne a gari. Da an buga, sai ganye ya ƙara yawan abubuwa masu ɗaci da wari, waɗanda ke korar ƙwaro, ko su hana shi ƙiba, ko su rage masa ƙwai. Wasu daga cikin warin ma kira ne ga ƙananan zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin farin ƙudan. Shi ya sa lafiyayyar shuka ba wurin jin daɗi ba ce ga mai tsotsa.

Ƙwayar cutar tana shiga ta fasa gangar. Masu bincike a ƙasar Sin sun bi diddigin wannan a kan wata ƴar'uwar cutar da ke gonarku. A 2007 wasu malamai a Jami'ar Zhejiang suka saki farin ƙuda a kan shukar taba, wata lafiyayya wata mai ɗauke da ciwon naɗe-ganye. Cikin kwana 56 yawan ƙudan da ke kan mai ciwon ya ninka na kan lafiyayyar sau 13. Sun fi yawan ƙwai, sun fi tsawon rai. A 2014 wasu masu binciken a can suka nuna yadda abin ke faruwa: ƙwayar tana tafe da wani ɗan rakiya da ke ƙera wani furotin, shi kuma furotin ɗin yana kama wanda ke isar da umarnin gangar a cikin ƙwayoyin halittar shuka, ya riƙe shi, sai saƙon haɗa abubuwa masu wari ya kasa isa. Shukar tana jin sukar, amma an ɗaure mata hannu. Wasu daga cikin dangin wannan cuta da aka gano a kuɓewa da tumatir a Mali da Nijar da Sudan suna yawo da irin wannan ɗan rakiyar. Ƙarfin abin yana bambanta daga wata cuta zuwa wata, da kuma daga wani jinsin ƙuda zuwa wani, domin a gwajin nan na 2007 farin ƙudan asalin ƙasar bai ƙaru da komai ba, baƙon jinsin da ya mamaye duniya ne ya ci ribar. Ka ƙara da cewa farin ƙuda yana son launin rawaya tun asali, ciwon kuma yana rina masa ganye rawaya kamar an kafa masa tuta.

Ka ga ke nan abin da malamai suka tabbatar da kayan bincike, Babanka ya gano shi da idonsa yana tafiya tsakanin kunyoyi. Ina so ka tsaya a kan wannan, kada ka wuce shi da sauri. Ba kowane manomi ne ke lura da wace shuka ƙwaro ya fi so ba.

Inda lissafinsa ya kauce shi ne a kalmar garkuwa. Garkuwa tana tsayar da kibiya ne, ba ta haifar wasu. Shuka mai ciwo kuwa gidan haihuwa ce. Macen farin ƙuda tana iya zuba ƙwai sama da ɗari a ƙarƙashin ganye, kuma in akwai zafi, cikin sati uku ƙwan ya zama babban ƙuda mai tashi. Duk ɗan da ya girma a kan mai ciwo, da ciwon ya girma, domin shi ya sha tun yana ƙarami. Kuma ba sa zama inda aka haife su. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. A Jami'ar Idaho ta Amurka, a 2012, an gwada kwarkwatar ganyen alkama da wata cutar bairos da take ɗauka: wadda ba ta ɗauki cutar ba tana zaɓar alkama mai ciwo, da zarar ta ɗauka sai sonta ya juya zuwa lafiyayya. An ga irin wannan juyi a gwaje-gwajen farin ƙuda da tumatir. Wato cutar tana kiran jakin da babu kaya ya zo a yi masa lodi, wanda aka yi wa lodi kuma ya kama hanya. Taron da Baba yake gani a kan masu ciwo gaskiya ne, sai dai tasha yake kallo, kuma kowace rana motoci na tashi daga cikinta.

Yanzu mu zo kanka. Me ya sa ka tuge 80 ciwon bai tsaya ba? Dalili na farko ba laifinka ba ne: shuka kan yi sati biyu zuwa uku da kamuwa kafin alama ta fito. Waɗanda ka ga sun naɗe bayan Alhamis ɗin nan, yawancinsu sun riga sun kamu tun kana gardama da Baba. Dalili na biyu naka ne. Ka tumɓuke su a buɗe, ka tara su a bakin hanyar ruwa, kusa da gona. Da gari ya waye rana ta fito ganyen ya fara yaushi, duk ƙudan da ke kai, ɗauke da cuta, ya tashi neman ɗanyen ganye, kuma mafi kusa shi ne naku da na maƙwabcinku. Abin da Baba ya ji tsoro ya faru a kan idonsa, don haka yanzu yana da hujjar da ba shi da ita a da. Da ka rufe kowace shuka da leda ko buhu kafin ka tuge, ka ɗaure bakin, ka kai nesa ka binne ko ka ƙona, da labarin ya bambanta.

Laifin da ya fi wannan girma shi ne dare. Gonar ta haɗaka ce, kuma ko da baƙo kuka haɗa jari, ba ka da ikon salwantar da wani abu daga cikinta ba da saninsa ba, balle mahaifi. Ka sa kanka a matsayinsa. Ya fita da asuba ya tarar da ramuka a gonar da ya shekara 35 yana sarrafa irinta, kuma ma'aikata da maƙwabta duk sun gani kafin shi ko tare da shi. Ga amininsa na ƙuruciya yana maganarsa a majalisa, ga ɗansa ya nuna wa duniya cewa maganarsa ba ta da nauyi ko a gonarsa. Ina kyautata zaton shukoki 80 ba su ne ke cin ransa ba. Da ya ce ka riƙe gonar kai kaɗai, ciwon rai ne ya yi magana, kada ka ɗauke ta a matsayin izini ka tafi. Ni ma na fahimci abin da ya tura ka. Ka yi magana an ƙi ji, kuɗin naka ne, kwanaki na tafiya, kuma wannan ciwo ne da sati guda ke da tsada a cikinsa. Tsoro ne ya kai ka, ba raini ba, kuma wannan ne ya kamata Baba ya ji daga bakinka.

Saboda haka fara da ban haƙuri, kuma ka raba shi da maganar ƙuda gaba ɗaya. Ka same shi shi kaɗai, bayan isha ko bayan asuba, ka zauna a ƙasa, ka ce: Baba, na yi kuskure da na taɓa gonar ba da saninka ba, tsoron asara ne ya rufe mini ido, ka yafe mini. Ka tsaya nan. Kalmar amma kada ta fito daga bakinka a wannan zama, ko da ya faɗi abin da ka san ba haka yake ba. In ya yi faɗa ka bar shi ya gama, faɗan ya fi shirun sauƙi. Ka gaya wa Inna tun kafin ka je domin ta sassauta masa zuciya, sai dai kada ka mai da ita ƴar aike tsakaninku, nauyin ya yi mata yawa, mijinta ne a gefe guda ɗanta a ɗaya gefen. In ka je sau biyu bai saurare ka ba, nemi baffanka ko limamin unguwa, wanda ka san Baba yana jin kunyarsa, ya raka ka. Ka ci gaba da gaisuwa safe da yamma ko da kai aka amsa, ka ci gaba da zuwa gona da ban ruwa kamar yadda ka saba.

Idan fuska ta ɗan sake, bayan kwana biyu ko uku, sai ka kawo maganar gonar a matsayin tambaya. Ka ce masa abin da ya lura da shi ka bincika ka tarar gaskiya ne, har malamai a wasu ƙasashe sun rubuta shi, kana so ku duba wani abu tare. Ku je da sassafe ku juya ganyen mai ciwo ku dubi ƙarƙashinsa. Za ku ga wasu ƴan abubuwa shimfiɗaɗɗu masu launin ruwan ƙwai-ƙwai, manne kamar ɓawon kifi, ba sa motsi. Su ne ƴaƴan. Kyamarar wayarka za ta ƙara musu girma. Sannan ku kakkaɓe manyan ƙudan daga reshe guda, ku ɗaure shi cikin farin yadi mai laushi, ku bar shi kwana bakwai zuwa goma. Ranar da za a kwance, shi za ka bari ya kwance. Sabbin ƙudan da zai tarar a ciki ba daga waje suka zo ba. Mutumin da ya gano abu na farko da idonsa, da idonsa zai fi yarda da na biyu, kuma zai fito daga wannan gardama a matsayin wanda ya gano, ba wanda yaro ya kayar ba.

Akwai kuma wata ƙofa da za ka iya bi. Tambaye shi labarin kuturtar gyaɗa ta 1975. Mutumin shekarunsa ko dai ya gani yana yaro ko ya ji a bakin mahaifinsa. A shekarar nan ciwon ya lalata gyaɗa kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya, yana kuma cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Ita ma bairos ce, kwarkwatar ganye ke ɗaukarta, kuma abin da ya taimaki manoma daga baya shi ne shuka da wuri, shuka a matse, da irin da ke jure ciwon wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Ka bar shi ya ba ka labarin da kansa, zai iya haɗa biyun ba tare da ka haɗa masa ba.

Tunaninsa na garkuwa ma yana da wurin zama, in aka sauya abin da za a yi garkuwar da shi. A ƙasar Jodan, tun 1982 aka nuna cewa shuka layukan kokwamba tsakanin tumatir, wata guda kafin dashe, yana jinkirta shigar wannan ciwo, domin ƙudan ya fi son kokwambar. Sharaɗin shi ne a riƙa kashe shi a kanta, in ba haka ba ita ma ta zama gidan haihuwa. Haka nan allo ko guntun jarka mai launin rawaya da aka shafa wa giris, a kafa daidai tsayin shuka, yana kama manyan ƙuda, yana kuma nuna muku ta wane gefe suke shigowa. Ka miƙa masa wannan a matsayin cigaban shawararsa, domin haka ɗin ne.

Game da gonar bana, ka fara neman malamin gona na yankinku, ta ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, ya zo ya gani da idonsa. Ƙishirwa da tsananin zafi da maganin ciyawa da iska ta kwaso daga wata gona duk suna iya naɗe ganyen tumatir, gara a tabbatar. Zuwansa yana da wani amfanin kuma: abin da Baba zai ji nauyin karɓa daga ɗansa, zai iya karɓa daga baƙo mai wannan aiki. Daga nan ku ƙirga. Ku bi layuka biyar ko shida a sassa daban na gonar, ku ga cikin kowace shuka goma nawa ne suka kamu. In ɗaya ce ko biyu, kuma sauran ba su yi fure sosai ba, ku ci gaba da tugewa duk bayan kwana uku, da sassafe lokacin da sanyi ya hana ƙudan kuzari, da buhu a kai kamar yadda na faɗa. In kuwa rabin gonar ta kamu, tugewa ba ta da sauran riba, kuma a nan zan goyi bayan Baba: a bar su. Shukar da ta kamu tana ƙarama kusan ba ta ba da komai, furenta zubewa yake, amma wadda ta riga ta ɗaura ƴaƴa kafin ciwon ya same ta za ta nunar da su, kuma lafiya lau ne a ci a sayar. Ku kula da ruwa da taki gwargwado, ku kwashi abin da Allah ya ba ku, kuma ranar da aka yi tsinkar ƙarshe a tumɓuke gonar duka a ƙone, kada a bar ta tsaye tana kiwon ƙuda.

Feshi kuwa ku dakata da shi haka nan. Babu maganin da ke warkar da shukar da bairos ta shiga, duk wanda ya ce maka yana da shi kuɗinka zai ci. Abin da feshi ke iya yi shi ne rage ƙuda, shi ma da iyaka, saboda ƙudan kan zuba ciwon kafin maganin ya kashe shi, ƴaƴan kuma suna ƙarƙashin ganye inda feshin sama ba ya isa. Farin ƙuda ya shahara a duniya wajen sabawa da magani, kuma maimaita iri ɗaya sau biyar yana kashe ƙwarin da ke cinsa ya bar shi shi kaɗai a fili. In malamin gona ya ga akwai buƙata, ya zaɓa muku wanda sinadarinsa ya bambanta da na baya, ba sunan kwalba kawai ba, a juya bakin famfo sama ana jiƙa ƙarƙashin ganye, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Ruwan dakakken ƴaƴan darbejiya da ɗan sabulu yana rage ƴaƴan ƙudan, kuma ba ya buƙatar bashi. Mai maganin ba lallai mugu ba ne, abin da ke shagonsa yake sayarwa, amma ka je ka same shi yanzu ku tsayar da adadin bashin da ranar biya, kada ka ƙara ko kwalba ɗaya a kai.

Maƙwabcinku yana da hakki, kuma akwai yiwuwar tarin da ka zubar a bakin ruwa ya ƙara masa. Sai dai farin ƙuda ba ya sanin iyakar gona, yana rayuwa a kuɓewa da barkono da wake da rogo da auduga, cutar kuma tana fakewa a ciyayi irin dangin zaƙami, don haka ba mai iya rantsuwa daga gonar wa ta fara. Kada ka je ka yi musu da shi, sa'an mahaifinka ne. Ka gaishe shi, ka amsa kuskuren zubarwar, ka roƙe shi ya zo ranar da malamin gona zai zo. In dattawan biyu suka tsaya a gona ɗaya suna sauraron bayani ɗaya, maganar majalisa za ta mutu da kanta. Kuma daga irin wannan tsayuwa ne babban magani ke fitowa. A Baginda ta ƙasar Mali, inda wannan ciwo ya kusa kashe noman tumatir, manoman yankin sun haɗa kai suka daina barin tumatir da barkono a gona na wata biyu, Yuni da Yuli, domin cutar ta rasa wurin fakewa, nomansu kuma ya farfaɗo. Manomi ɗaya ba ya iya wannan, sai unguwa guda, kuma masu iya kiran unguwa su ne irin Babanka da amininsa.

Maganar aure kuma, kada ka bari ta zo maka ba shiri. Da zarar kun ƙirga gonar za ka san kusan abin da za ka samu. In ka ga ba zai kai ba, manyanka su je wurin iyayen yarinyar tun yanzu, da sauran lokaci, a nemi rage lefen ko a ɗaga ranar. Mutanen yankinku manoma ne, sun san abin da ake nufi da gona ta ƙi. Ita ma yarinyar ka faɗa mata gaskiya da bakinka kafin ta ji a wani wuri. Abin da ba na so shi ne ka ci sabon bashi don rufe wannan ramin, ka shiga gidan aure da shi a wuya. Ka lura kuma cewa wanda zai jagoranci wannan tafiya zuwa gidan surukai shi ne Baba.

In Allah ya kai mu baɗi, yaƙin a wurin renon iri ake cinsa, domin shukar da ta kamu a makonninta na farko ita ce asara tsantsa. Ku rufe bedin renon da raga mai ƙananan ido wadda ake sayarwa don wannan aiki, gidan sauro idonsa ya yi faɗi, ƙudan yana ratsa shi. Ku yi renon nesa da tsohuwar gonar tumatir ko kuɓewa ko barkono. Wajen sayen iri ka duba bayan fakiti ka nemi haruffan TYLCV ko Ty, alamar cewa irin yana jure ciwon, ya fi tsada amma bai kai kuɗin feshi biyar ba. Ku kewaye gonar da layuka biyu ko uku na masara tun kafin dashe. Kuma kafin a zuba ko naira ɗaya, ku zauna kai da Baba a gaban baffanka ku yi magana a fili: wa ke da ta cewa a kan ruwa da taki, wa ke da ta cewa a kan ciwo da magani, kuma in kun saɓa wa za a kira ya raba. Ka rubuto mini bayan an kwance yadin nan, ina so in ji abin da Baba ya ce. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a abin da ya rage a gonar.